Saifar da Ta Bar Mazauninta

A ƙasar Katagum, tun daga Azare har ƙauyukan da ke bakin kogin Jama'are, idan aka ga kumburi ƙarƙashin haƙarƙarin yaro na hagu, nan da nan manya za su ce saifa ce, galibi kuwa da gaskiyarsu, domin zazzaɓin cizon sauro da tsargiyar hanji da ake ɗauka a ruwan fadama duk suna kumbura ta. Amma akwai wata lalura da ba safai ake gamuwa da ita ba, wadda tsagar wanzami ba ta yi mata komai illa cin lokaci.

Allah cikin hikimarsa ya ɗaure saifa da tantani ga tumbi da ƙodar hagu. Idan wannan ɗauri ya zo da rauni tun haihuwa, ko ya saki saboda yawan ɗaukar ciki ko nauyin saifar kanta, sai ta gangara, wani lokaci har mara, tana rataye da jijiyoyinta kaɗai. Ran da ta juya a kansu, kamar akuyar da ke kewaya turke har igiya ta shaƙe ta, jijiyar da ke fitar da jini zuwa hanta ita ke fara toshewa, saboda laushinta, alhali mai kawo shi daga zuciya ba ta fasa ba. Jinin da ya rasa mafita sai ya bi ta ƙananan jijiyoyin tumbi, su yi ta kumbura har wata ta fashe, mutum ya kama aman jini, ko bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin.

Abin lura, hantar wannan majinyaci lafiyarta lau, saɓanin mai tsargiya ko mai daɗaɗɗen ciwon hanta, wanda cikas ɗinsa a hantar yake. Saboda haka wannan, aiki ɗaya kan raba shi da cutar.

Matsanancin ciwon ciki farat ɗaya, da amai, da ƙullutun da ke motsi in an taɓa, musamman ga yaro ko macen da ta yi haihuwa da yawa, al'amari ne na asibitin tarayya da ke Azare, inda hoton ciki zai nuna gurbin saifa wayam. In an zo da wuri, likita ya warware ta ya ɗinke ta a mazauninta; in ta riga ta mutu, sai cirewa, wanda aka cire wa kuwa wajibi ne ya karɓi allurar rigakafi, ya lazimci gidan sauro, ya kai kowane zazzaɓi asibiti a ranar da ya fara.