Danshi a Makewayi da Zaɓen Daɓen Gida

Wata damina, cikin watan Agusta, ina shirin tafiya makaranta da sassafe, sai na ji ƙara daga bayan gida. Da na ruga, na tarar da Inna, mahaifiyata, a ƙasa cikin makewayi tana riƙe da hannunta. Santsi ne ya kwashe ta, ƙashin wuyan hannu ya karye. Ta yi makonni ba ta iya ɗaura zane da kanta. Abin da ya fi damuna shi ne, na daɗe ina ganin gansakuka a wurin, ina cewa sai an ba da hutu zan gyara. Domin kada haka ta sami wani gida, ga abin da na koya.

Daga ina danshi yake zuwa?

Hanyarsa uku ce. Ta fari, ruwan wanka da ba ya samun mafita, sai ya kwanta a kusurwa. Ta biyu, laimar ƙasa wadda take hawowa ta cikin siminti da damina, gama siminti yana shan ruwa ko da yake ido ba ya gani. Ta uku kuwa, bututun da yake yoyo a ɓoye. In ka ga gindin bango ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa, fenti kuma yana ɓarewa, lalle ruwa yana aiki a ciki.

Ga hanya mai sauƙi ta gwadawa. Ka share wurin ya bushe, ka shimfiɗa leda mai faɗin rabin mita, ka liƙe gefunanta duka, ka bar ta kwana ɗaya ba wanda ya yi wanka a ciki. In ka ga raɓa a ƙarƙashin ledar, daga ƙasa danshin yake. In a samanta take, iska ce ba ta ratsa ɗakin, sai a buɗe taga ko a faɗaɗa ta.

Kada a ce abin ƙarami ne. Danshi yakan kawo fumfuna mai tayar wa masu asma ciwonsu, da cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa. Yakan jawo gara ta cinye ƙofa. A ginin ƙasa kuwa yakan ci gindin bango har ya zube. Ruwan da ya taru a bayan katanga kuma, ƙwan sauro yana iya zama sauro a cikinsa a kwana 7 zuwa 10.

Tun ran gini, tun ran zane

Mai sabon gini ya lura da waɗannan. Bayan an cika ƙasa an kirɓe ta, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, ita za ta tare laimar ƙasa. Daɓen makewayi ya zama ƙasa da na sauran ɗakuna da kamar santimita 3, domin kada ruwa ya shiga ɗakin kwana. A ba shi gangara wajen santimita 2 a kowace mita 1 zuwa bakin magudana. Kada ka sallami magini sai ka kwara bokitin ruwa da hannunka, ka ga ya tafi duka.

Kwaɓin saman daɓe awo 1 ne na siminti, awo 3 na yashi mai tsabta. A riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7, gama siminti ba bushewa ce take ba shi ƙarfi ba, sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Wanda ya yi da rani, musamman lokacin hunturu, ya bar shi ya bushe da sauri, zai tsattsage. Ruwan wanka kuma a kai shi rami mai duwatsu, nesa da tushen gini. In da masai a haɗe, a nisanta raminsa da rijiya kamar mita 30.

Wane daɓe, a wane ɗaki?

Daɓen iyayenmu, na tsakuwa da makuba, yana da sanyi da araha, ya dace da zaure da ɗakin kwana, amma ba ya jure ruwan kullum. Siminti ya isa makewayi in an yi shi da kyau, sai dai a goge shi da katako ya ɗan yi kaushi, kada a sulɓe shi da cokalin ƙarfe. Tarazo yana daɗewa ƙwarai, yana da sauƙin wankewa, amma da sabulu ya taɓa shi sai santsi.

Tayil shi ne abin yayi yanzu, a nan kuwa mutane da yawa suke kuskure. Mai sheƙi kyan ɗan maciji ne, wurinsa bango ko falo. Na ƙasan makewayi ya zama mai kaushi. Ka jiƙa shi a kanti, ka shafa da tafin hannu kafin ka biya. Ƙanana sun fi manya bin gangara, ƙafa kuma ta fi kama su. A cike tsakaninsu sosai, gama ta nan ruwa yake shiga.

Leda da kafet kuwa, kada a shimfiɗa su a kan daɓe mai danshi. Suna rufe laimar ne kawai, ƙarƙashinsu ya yi wari.

In gidan haya ne, ko kuɗi bai kai ba

Uwargida ta sa yara su kore ruwa da tsintsiya bayan kowane wanka, a bar ƙofa a buɗe. Sau ɗaya a mako a goge gansakuka da buroshi da ruwan bilic, amma kada a haɗa bilic da wani maganin wanke masai, gama hayaƙinsu guba ne. A toshe tsaga da siminti tun tana ƙarama. In da tsoho ko mai juna biyu a gida, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a ajiye 'yar kujera.

Gyaran makewayinmu bai ci rabin abin da muka kashe a jinyar Inna ba. Maigida, yau da yamma ka ɗauki bokitin ruwa, ka kwara a makewayinka, ka tsaya ka ga inda zai kwanta.