Keken Jariri Mai Taya Uku: Tsakanin Sassarfa da Zirga-zirgar Yau da Kullum

Keken tura jariri mai taya uku na zamani, wato wanda yake da tayoyi biyu a baya da guda ɗaya a gaba, an fara ƙera shi ne saboda iyaye masu gudun motsa jiki, amma siffar ta yi farin jini har ta yaɗu zuwa kekunan da ba a yi su don gudu ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya sa masu saye da dama suke ɗaukar duk keken da suka gani da taya uku a matsayin na sassarfa. Wanda yake neman keke guda da zai yi masa aiki biyu, ya fita sassarfa da shi da safe sannan ya shiga kanti ko asibiti da shi da rana, yana neman haɗa buƙatu biyu ne masu jan juna, domin girma da tsawo da nauyi su ne suke sa keke ya natsu a lokacin gudu, alhali ƙanƙanta da rashin nauyi su ne suke sa ya yi daɗin sha'ani a cikin gari.

Tarihin kekunan ya bayyana tushen wannan saɓani. A shekarar 1965 Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama ɗan Ingila, ya ƙera keken jariri da siraran bututun alminiyum, wanda nauyinsa bai kai kilo 3 ba kuma ake naɗe shi a riƙe da hannu ɗaya, kuma daga gare shi ne zuriyar ƙananan kekuna masu ƙananan tayoyi ta fito. Kusan shekara 20 bayan haka, Phil Baechler, ɗan jarida a garin Yakima na jihar Washinton a Amurka, ya harhaɗa wani keke da tayoyin keken hawa domin ya riƙa gudu yana tura ɗansa, kuma a 1984 aka kafa kamfanin Baby Jogger a kan wannan ƙira. Daga baya kamfanoni irin su BOB na Kalifoniya da Thule na Suwidin da Mountain Buggy na Niyu Zilan suka shigo fagen. Abin da ake tallatawa a yau da sunan ƙaramin keken sassarfa yunƙuri ne na aurar da zuriyar Maclaren da ta Baechler, kuma kowane samfuri yana karkata zuwa ɗaya daga cikin gidajen biyu, ko da mai talla bai faɗa ba.

Sunan kamfani ma yana iya ɓatar da mai saye. Kamfanin Baby Jogger, duk da cewa sunansa yana nuni ga gudu, yana sayar da samfurin City Mini, keke mai taya uku wanda ya shahara saboda ana naɗe shi da jan madauri ɗaya a tsakiyar kujera, amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa ba a yi shi don sassarfa ba, domin kekensa na gudu wani samfuri ne dabam mai suna Summit X3. Saboda haka hujjar da ta fi ƙarfi ita ce littafin bayani da yake zuwa tare da keken: idan kamfanin bai rubuta ƙarara cewa an yarda a yi gudu da shi ba, to keken na tafiya ne kawai, komai kyan tayoyinsa a hoto.

Tayoyi su ne wurin da bambancin ya fi fitowa fili. Keken sassarfa na gaske yakan zo da tayoyin baya masu faɗin inci 16, wato kimanin santimita 40, da tayar gaba mai inci 12 ko 16, yayin da ƙananan kekunan gari ba kasafai tayoyinsu suke wuce inci 8 ko 9 ba. Babbar taya tana haye dutse ko tsagar kwalta cikin sauƙi saboda cikas ɗin ƙarami ne idan aka auna shi da tsayinta, ƙarama kuwa takan daki cikas ɗin ta tsaya cak, kuma idan hakan ya faru mutum yana cikin gudu, ƙarfin da ya taho da shi yana iya ɗaga bayan keken. Irin tayar ma yana da muhimmanci: mai iska, wadda ake hurawa da famfo, ita ce ta fi shanye girgiza, sai dai tana sacewa kuma ƙusa ko ƙaya tana huda ta, yayin da wadda aka cika da soso mai tauri ba ta buƙatar faci har abada amma tana isar da gargadar hanya zuwa jikin yaro fiye da mai iska. Sifirin da ake sawa a ƙafafun baya yana rage wannan girgiza, amma ba ya maye gurbin girman taya.

Tayar gaba ita ce zuciyar sulhun da masu ƙira suka yi. A kekunan da aka yi don masu gudu zalla, tayar gaba a kafe take, ba ta juyawa hagu ko dama, kuma idan za a yi kwana sai an danna hannun turawa ƙasa an ɗaga ta kaɗan, abin da yake gajiyar da mutum a tsakanin kantocin shago ko a cikin lif. A kekunan aiki biyu kuwa, tayar tana juyawa kowane ɓangare a lokacin tafiya, sannan akwai maɓalli ko ɗan ƙarfe da ake kulle ta da shi ta miƙe kafin a fara gudu. Kullewar wajibi ce, domin taya mai juyawa, idan gudu ya kai wani mataki, takan fara karkarwa hagu da dama da sauri ba tare da mai turawa ya iya tsayar da ita ba, kuma ɗan ƙaramin dutse ya isa ya murɗe ta gefe ta kifar da keken. Akwai kuma abin da masu saye ba sa yawan tambaya a kai, wato ɗan noti ko dungu da ake murzawa a daidaita tayar da aka kulle idan keken yana ja zuwa gefe guda. Keken da ba shi da wannan madaidaici yana tilasta wa mai gudu ya yi ta gyara hanya da wuyan hannunsa tun daga fita har dawowa.

Yadda tayar gaban take haɗe da jikin keken ya taɓa zama batun shari'a a Amurka. A watan Fabrairu na 2018 hukumar kula da lafiyar kayayyakin masarufi ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da CPSC, ta shigar da ƙara kan kamfanin Britax, mai mallakar BOB, bisa rahotanni kusan 200 na ficewar tayar gaba a lokacin amfani, inda yara da manya suka ji rauni. Tayar tana haɗe ne da irin maƙullin nan na keken hawa da ake buɗewa da hannu ba tare da sifana ba, kuma idan ba a matse shi yadda ya kamata ba yana iya zama tamkar a rufe alhali a sake yake. Kamfanin ya tsaya a kan cewa kekunan ba su da aibi idan an bi umarni, kuma an sasanta a ƙarshen wannan shekarar bisa sharaɗin wayar da kan masu amfani da samar musu da kayan gyara. Darasin aiki da ya fito daga wannan shari'a shi ne ɗaga gaban keken a girgiza tayar kafin kowace fita, musamman ga wanda yake cire ta kullum don keken ya shiga but ɗin mota.

Taya uku tana ba keke sauƙin sarrafawa, amma tana rage masa faɗin gindi. Wuraren da tayoyin suka taɓa ƙasa suna zana siffa mai kusurwa uku, kuma keken yana tsaye ne muddin cibiyar nauyinsa, wato wurin da nauyin keke da na yaro suka tattaru, tana cikin wannan siffa. Da zarar ta fita, sai ya kife. Duk wanda ya ga yadda a-daidaita-sahu yake ɗaga ƙafa ɗaya idan direba ya sha kwana da gudu ya ga wannan ƙa'ida tana aiki. Shi ya sa masu ƙera kekunan gudu suke tura tayar gaba can nesa, su buɗa tayoyin baya, su kuma saukar da kujera ƙasa-ƙasa, kuma shi ya sa duk santimitar da aka rage don keken ya ƙanƙance ana cire ta ne daga natsuwarsa. Rataya jaka mai nauyi a hannun turawa yana jan cibiyar nauyin zuwa baya da sama, don haka kwandon da yake ƙarƙashin kujera shi ne mazaunin kaya.

Wani bincike da masana na asibitin yara na Nationwide da ke jihar Ohayo suka wallafa a 2016 ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2010 an kai yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa kusan 361,000 sashen gaggawa a Amurka saboda raunin da ya shafi keken jariri ko abin ɗaukar jariri, kuma mafi yawan raunukan sun faru ne ta hanyar faɗowar yaro ko kifewar keken, inda kai da fuska suka fi shan wahala. Wannan ne ya sa ɗamara mai maɗauri biyar, wadda take riƙe kafaɗu biyu da ƙugu ta ɓangare biyu da tsakanin cinyoyi, ta fi kowane ado muhimmanci. Birkin ajiyewa, wanda ake takawa da ƙafa idan an tsaya, yana cikin kowane keke mai inganci, amma birkin hannu na rage gudu a gangare ba kowane samfuri yake da shi ba, kuma mazaunin gari mai tudu da kwari bai kamata ya yi sassauci a kansa ba. Igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu tana hana keken tserewa idan mai gudu ya yi tuntuɓe. Alamar ASTM F833 ta Amurka ko EN 1888 ta Turai tana nuna cewa keken ya cika ƙa'idojin gwaji na gama-gari, kuma a tsarin Turai kashi na farko ya shafi yaro har kilo 15, na biyu har kilo 22, sai dai waɗannan alamomi su kaɗai ba izinin gudu ba ne.

Shekarun yaro suna da nasu hukunci, wanda ingancin keke ba ya sauya shi. Jariri sabon haihuwa kansa yana da girma da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, tsokar wuyansa kuma ba ta yi ƙwarin da za ta riƙe kan a cikin girgiza ba, saboda haka kamfanoni suke sa iyakar fara gudu tsakanin wata 6 da wata 8, kuma BOB yana cikin masu cewa wata 8. Kafin wannan lokaci ana iya tafiya a hankali da jariri a kwance a shimfiɗe ko a kujerar mota da aka ɗora kan keken da mahaɗinta, amma ba a gudu da kujerar mota a sama, domin tana ɗaga cibiyar nauyi. Ganin likitan yara kafin a fara ya fi dacewa, musamman ga bakwaini.

Batun ƙanƙanta shi ne inda mai saye ya kamata ya fi yi wa kansa adalci. Kekunan aiki biyu da suka yi suna, irin su Thule Urban Glide da BOB Revolution, nauyinsu yana tsakanin kilo 11 da 13, faɗinsu ya haura santimita 60, kuma ko an naɗe su suna cinye kaso mai yawa na but ɗin ƙaramar mota, alhali keken gari na tafiye-tafiye yana iya zama kilo 6 ko 7. Kalmar ƙarami a wannan fage tana nufin ƙarami a cikin manya ne kawai. Wanda yake zaune a bene marar lif, ko yake hawa bas da jirgin ƙasa kullum, zai ji kowane kilo a kafaɗarsa sau da yawa a rana, kuma idan gudunsa bai wuce sau ɗaya a mako ba, keke mai nauyi zai zame masa wahalar kwana shida saboda amfanin kwana ɗaya. Wanda yake gudu sau uku ko huɗu a mako kuwa ya fi dacewa ya fifita manyan tayoyi da birkin hannu, ya haƙura da girman, ko ma ya raba aikin gida biyu, ya sayi keken gudu na hannu tare da ƙaramin keke mai araha na shiga gari. Auna faɗin ƙofar gida da zurfin but da tef kafin biyan kuɗi, da gwada naɗewa da hannu ɗaya, da duba ko hannun turawa yana hawa da sauka daidai da tsayin uba da uwa ba tare da ƙafa tana dukan sandar baya ba, sun fi karanta talla amfani.

A ƙasashe masu zafi akwai ƙarin abin lura. Rufe keke da zane don kare yaro daga rana yana tare iska, kuma gwajin da masana na Jami'ar Sidni a Ostireliya suka wallafa a 2023 ya nuna cewa busasshen mayafi yana ƙara zafin cikin keken da 'yan digiri, yayin da jiƙaƙƙen yadi marar kauri tare da ƙaramar fanka yake rage shi. Rumfa mai faɗi da ramukan shan iska, da fita da sassafe kafin rana ta ɗaga, sun fi lulluɓi.

Ga mai sayen na hannu, kamar yadda irin waɗannan kaya kan iso kasuwannin Afirka ta Yamma, abin dubawa na farko shi ne takardar da aka manna a jikin ƙarfen, mai ɗauke da lambar samfuri da ranar ƙira, domin da ita ake bincika ko kamfanin ya taɓa janye samfurin daga kasuwa, kuma da ita ake nemo littafin bayaninsa a intanet. Sai a duba ɗinkin ɗamara da maƙullinta, a taka birki a tura keken a ga ko yana motsi, a kulle tayar gaba a tura shi a shimfiɗaɗɗen fili marar gargada a ga ko yana tafiya a miƙe. Tayoyi masu iska suna da wata fa'ida a nan, domin inci 12 da 16 su ne ma'aunin tayoyin kekunan yara, bawul ɗinsu kuma galibi irin na mota ne, don haka mai faci na bakin titi yana iya gyara su, kuma adadin iskar da ya kamata a hura a rubuce yake a gefen tayar.