Kore-Fari-Kore: Asalin Tutar Najeriya Da Dalilin Da Ya Sa Batun Tuta Ya Kai Yara Gaban Kotu

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga matasa a titunan Kano da Kaduna suna kaɗa tutar Rasha mai launin fari da shuɗi da ja. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce hakan cin amanar ƙasa ne, jami'an tsaro kuma suka kama har da telolin da ake zargi da ɗinka tutocin. A ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da gomman mutane a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu da ƙananan yara, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a zauren kotun. Bayan ƙorafin jama'a ya yi yawa, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Fahimtar yadda ƙyalle ya kai ga wannan matsayi na buƙatar komawa ga asalin tutar ƙasar.

Wa ya zana ta?

Gabanin samun 'yancin kai, gwamnati ta buɗe gasar zanen tuta, aka samu dubban zane-zane. A 1959 aka zaɓi na Michael Taiwo Akinkunmi, ɗalibi ɗan shekara 23 daga Ibadan da ke karatun injiniyan lantarki a Landan, aka ba shi kyautar fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana mai haskoki a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta. A daren 1 ga Oktoba, 1960, aka sauke tutar Birtaniya a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, aka ɗaga sabuwar.

Tutar mulkin mallaka da aka yi amfani da ita tun haɗewar 1914 shuɗiya ce, da tutar Birtaniya a kusurwa, da jan da'ira mai ɗauke da koren tauraro mai tsini shida da kambin sarauta. Sabuwar ta yi watsi da duk waɗannan.

Launuka da suna

Bayanin da hukuma ta amince da shi shi ne kore na nufin noma da albarkatun ƙasa, fari kuma zaman lafiya da haɗin kai. Babu wata, babu gicciye, babu tambarin wata masarauta ko jam'iyya. A ƙasar da ke da jihohi uku masu zargin juna a wancan zamani, wato Arewa da Yamma da Gabas, tutar da ba ta nuna kowa ba ce kaɗai kowa zai iya karɓa. Nijar, wadda ta zaɓi tata a Nuwamban 1959, ta bar da'ira mai ruwan lemo a tsakiyar farin, wadda ake fassarawa da rana.

Tutar Birtaniya tana da laƙabinta, Union Jack, amma ta Najeriya da launukanta ake kiranta: kore-fari-kore. Sunan ƙasar ma daga waje ya zo, domin 'yar jarida Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugga, ita ta ba da shawararsa a jaridar The Times a 1897.

Tuta a idon Bahaushe

A ƙasar Hausa tuta ta girmi Najeriya. A jihadin da ya fara a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa bai wa jagorori tuta, karɓarta kuma mubaya'a ce da izinin yaƙi da mulki. Ƙaramar hukumar Wudil tana da rabonta a wannan tarihi: Utai, wadda a yau mazaɓa ce kamar Kausani, ita ce mazaunin Joɓawa, waɗanda jagoransu Malam Bakatsine yana cikin manyan jagororin jihadin Kano. Daga zuriyarsu ake naɗa Makaman Kano, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki. Inda ake da irin wannan tarihi, ɗaga tutar wani yana nufin bayyana wanda aka bi, kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an ga tutar Rasha a Yamai tana isar da irin wannan saƙo ga Faransa.

Me doka ta ce?

Dokar Tuta da Tambarin Ƙasa ta 1960 ta taƙaita ɗaga tutar wata ƙasa a bainar jama'a ba tare da izini ba, ta kuma haramta ɗaga tutar Najeriya yagaggiya ko ƙazantacciya. Tarar da ta tanada naira 100 ce. Cin amanar ƙasa kuwa hukuncinsa na iya kaiwa ga kisa. Wannan tazara ce ta sa lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka soki tuhumar da aka yi wa yaran. Sashen da ya shafi yagaggiyar tuta kuma ya hau kan ma'aikatun gwamnati da makarantunta kamar yadda ya hau kan talaka.

Akinkunmi kansa ya daɗe a manta da shi, sai a 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba shi lambar girma ta OFR. Ya rasu a Agustan 2023 yana da shekara 87, gawarsa ta shafe kusan shekara guda kafin a binne ta, iyalansa na jiran jana'izar girmamawa da gwamnati ta yi alkawari.

A Mayun 2024 majalisa ta sauya taken ƙasa cikin 'yan kwanaki ba tare da jin ra'ayin jama'a yadda ya kamata ba, abin da ya nuna alamomin ƙasa na iya canzawa cikin gaggawa. Tutar dai tana nan yadda aka ɗaga ta a 1960, da alkawura biyu a jikinta: abinci daga gona da zaman lafiya. Waɗannan biyun ne matasan suka fito nema a watan Agusta, kuma manomin Kausani da ke lissafin kuɗin taki yana da haƙƙin tambayar gwamnati inda aka kwana a kansu.