Kwamfutar da ta ƙi tashi a Tsarnawa: sau da yawa ba mutuwa ta yi ba

A Tsarnawa, mararrabar da hanyar Tawa ke rabuwa da babban titin Yamai zuwa Damagaram, 'yan kilomitoci gabas da Birnin Konni, tsohuwar kwamfutar tebur jari ce. Da ita ake buga takardar neman aiki, sunayen 'yan makaranta da rasit ɗin 'yan kasuwa. Galibi ta hannu ce, Dell ko HP da wani ofis a Turai ko Amurka ya gama da ita, ɗan'uwa ya turo gida. Ranar da aka danna ta yi shiru, sai a jingine ta a lungu, a fara kiran wanda ya aiko.

Wani lokaci tun daga wajensa matsalar ta taso. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Nijar 220. Yawancin tsofaffin injinan suna da wani ɗan jan makunni a baya, kusa da inda waya ke shiga, an rubuta 115 da 230. Idan aka jona yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji da ƙauri, akwatin raba wuta ya ƙone. Wannan akwati shi ne masu gyara a Konni ke kira alimantasiyon. Mai aikowa ya mayar da makunnin 230 tun kafin ya naɗe kwali.

Sai kuma kuran ɗin kansa. Kamfanin NIGELEC na sayen babban kaso na wutarsa daga Nijeriya, abin da kowa ya ji a jikinsa a Agustan 2023 da aka yanke layin bayan juyin mulki. Tashar sola ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ta rage zafi amma ba ta hana ɗaukewa ba. Ɗaukewar ma da sauƙi. Dawowar wuta da ƙarfi, da hawa da saukar ƙaramin janareto, su ke cinye alimantasiyon.

Don haka daga bango ake fara bincike. A gwada soket ɗin da caja, a canja waya da ta allo, tunda bakinsu ɗaya ne a yawancin tsofaffin. In shiru, a cire waya, a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 30 don ragowar wuta ta fita, sannan a sake jonawa.

In har yanzu ba motsi, a zare waya a buɗe murfin gefe. Ƙurar hunturu takan toshe fanka ta kwanta a ramin RAM, zafin watan Afrilu ya ƙarasa aikin. A hure ƙurar, a cire RAM a goge haƙoransa da magogin fensir, a mayar sai ya yi ƙas. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3. Idan ya mutu, wasu injinan kan rikice wajen tashi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A duba ƙananan gwangwanayen da ke tsaye kan babban faranti. Wanda kansa ya kumbura ko yake yoyo ya lalace, cutar da ta yi suna a Dell OptiPlex GX270 da GX280. Mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai iya canja su.

Masu gyara na tantance alimantasiyon ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa a babban filogi mai baki 20 ko 24: in fankarsa ba ta juya ba, shi ne mai laifi. Wannan gwaji nasu ne, don wasu samfuran Dell da HP tsarin wayoyinsu daban yake. Shi kuwa akwatin ba a kwance shi, yana riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an cire shi daga bango. Canjawa ake yi gaba ɗaya.

Abin da ya fi ciwo shi ne a sayar da injin wa 'yan gwangwan da faifan ajiya a ciki. Takardun shekaru suna nan kan faifan, kuma galibi lafiya lau suke ko da sauran sun ƙone. A cire shi a jona wa wata kwamfuta, a kwashe komai kafin a yi ciniki.