Ɗan Shugaban Ƙasar Sin da Fartanya

Kwanan baya da muka fita rangadi ƙasar Gaya, mun yada zango a Kademi. Bayan sallar isha'i wani dattijo ya zo mana da tambaya: ko daidai ne malami ya miƙa wa ɗan mai sarauta fartanya, ya sa shi gonar makaranta tare da 'ya'yan talakawa? Mun san malamai da yawa na shan wannan tambaya, don haka za mu maimaita muku labarin da muka ba shi.

Mao Zedong, wanda ya jagoranci juyin mulkin ƙasar Sin a 1949, yana da babban ɗa wai shi Mao Anying, wanda aka haifa a Changsha cikin 1922. Yaron bai tashi a gaban ubansa ba, domin tun 1927 uban ya shiga duwatsu wajen yaƙi. Cikin 1930 hukuma ta kama shi tare da uwarsa, Yang Kaihui, aka harbe ta, shi kuwa yana da shekara takwas. Daga nan aka kai shi birnin Shanghai a ɓoye, inda shi da ƙanensa suka yi zaman gararamba a titi, suna sayar da jarida su sami na abinci. A 1936 aka ɗauke su zuwa Rasha. Can ya yi karatu, ya ƙware da Rashanci, har ya shiga soja a Yaƙin Duniya na Biyu.

To, ga inda muke so ku lura. Da ya komo gida a 1946, saurayi mai ilmin waje da kayan soja, uban bai ba shi ofis ba. Sai ya ga ɗan nasa ya san littafi amma bai san talakan ƙasarsa ba, ya tura shi wani ƙauye kusa da Yan'an, wurin wani manomi, Wu Manyou. Can ya yi sharar gona da ɗaukar taki, ya ci abin da masu gida ke ci, har tafin hannunsa ya yi kanta.

Ba yabon mulkin Mao muke yi ba. Yunwar da ta biyo shirinsa na noma daga 1959 zuwa 1961 ta kashe miliyoyin mutane, kuma uban da ya shekara goma sha takwas bai ga ɗansa ba, ba abin koyi ba ne wajen riƙo. Amma a kan fartanyar nan muna ganin ya yi daidai.

Anying bai gaji kome ba. Ya tafi yaƙin Koriya yana tafinta, bom ya kashe shi ran 25 ga Nuwamba, 1950, aka binne shi can.

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce to, amma a riƙa sallamar yaran kafin rana ta take.