Datse Hoto: Aikin Da Ke Jiran Hadimi Kafin Hoton Maigida Ya Fita

A kowace ranar aiki hotuna na fita daga ofisoshin Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja: minista na musabaha da baƙo, babban sakatare na rattaba hannu kan yarjejeniya, ’yan kwamiti sun jeru a bakin ƙofa bayan zama. Ba kullum ake samun ƙwararren mai ɗaukar hoto a wurin ba. Sau da yawa hadimi ne ko jami’in yaɗa labarai zai ɗaga waya daga bayan mutane ya danna, ya tura kafin taro ya watse. Shi ya sa ake cin karo da hoton da rabinsa silin ne da na’urar sanyaya ɗaki, robar ruwa ta tokare gaba, minista kuwa yana can ƙurya kamar ɗan rakiya.

Gyaran irin wannan hoto ba ya buƙatar wata manhaja mai tsada, domin kowace waya na da maɓallin datse gefen hoto. Abin da ke wuya shi ne sanin inda za a datse.

Masu wannan sana’a na da tsohuwar ƙa’ida ta kasa hoto uku, wadda Baturen Ingila John Thomas Smith ya ambata a rubuce tun 1797, yana magana kan zanen shimfiɗar ƙasa. Ana raba hoton da layi biyu a tsaye, biyu a kwance, sai a ɗora abin da ake son ido ya fara faɗawa a kai inda layukan suka haɗu. Mai jawabi da ke kallon dama, a matsar da shi hagu, a bar masa fili ta inda yake kallo. In aka matse fuskarsa da gefe, sai ya zama kamar yana yi wa bango huɗuba. Ba a datse mutum a gwiwa ko gwiwar hannu ko wuya. Hula ma haka: zanna bukar da aka yanke rabinta ta fi muni a kan wadda aka bari cikakkiya da ɗan fili a samanta. Kuma duk wanda ya ɗauki Babban Masallacin Ƙasa da waya ya san yadda ’yar karkata kaɗan ke sa hasumiyoyinsa huɗu su yi kamar za su kife. A miƙe hoton tukuna, sannan a datse, saboda miƙewar ita ma tana cin gefe.

Akwai lissafi a ciki. Hoton waya mai megafiksel 12 yakan zo da ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsayi. In aka datse rabin faɗin da rabin tsayin, abin da ya saura megafiksel 3 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ya ishi Facebook, amma ba zai cika shafin A4 na rahoton shekara ba, wanda ke neman ɗigo kusan 2480 da 3508 in ana son bugu mai kyau. Ga WhatsApp kuma da ke matse hoto, sai fa in an tura shi a matsayin fayil. Siffar ma ta bambanta: waya kan ɗauka a 4:3, manyan kyamarori a 3:2, allon talabijin 16:9 ne, sitatus kuwa 9:16. Hadimin da ya adana hoton asali zai iya fitar wa kowane dandali nasa. Wanda ya datse a kan asalin, ya yi asarar da ba ta dawowa.

Mashahuran masu hoto sun daɗe da saɓani kan wannan aiki. Hoton Che Guevara da ya karaɗe duniya, wanda Alberto Korda ya ɗauka a Havana ranar 5 ga Maris, 1960, asalinsa akwai gefen fuskar wani mutum a hagu da ganyen bishiya a dama. Sai da aka cire su ya zama abin da aka sani. Henri Cartier-Bresson na Faransa kuwa ya ƙi jinin datsewa, har yakan sa a buga hotunansa da baƙin layin gefen fim don a shaida ba a taɓa su ba. Duk da haka, sanannen hotonsa na 1932, na mutumin da ke tsallake kududdufi a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, datsassen hoto ne.

Sai dai cire bishiya daban, cire mutum daban. A watan Janairun 2020, a taron Davos na ƙasar Siwizalan, kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da hoton matasa masu fafutukar kare muhalli, ciki har da Greta Thunberg. Su biyar ne a tsaye, amma huɗu suka fito, dukansu farar fata. Wadda aka datse ita ce Vanessa Nakate ta Yuganda, da ke tsaye a gefe. Bayanin farko da kamfanin ya bayar shi ne an yi ne don tsarin hoton ya yi kyau, saboda ginin da ke bayanta na ɗauke hankali. Hujjar ba ta karɓu ba. Nakate ta ce nahiya guda aka goge, daga bisani AP ya nemi afuwa. A shekarar ce kuma masu amfani da Twitter suka nuna cewa na’urar da ke datse hotuna da kanta a dandalin ta fi karkata ga farar fuska, har kamfanin ya janye ta a wayoyi a 2021.

Abuja gari ne da tsayuwar hoto ke bin muƙami: babba a tsakiya, saura na raguwa zuwa gefe. Ke nan wanda datsewa ke fara ci shi ne ƙaramin jami’i, ko wakiliyar wata hukuma da ta iso a makare, ko daraktan da shi ya kwana yana rubuta takardar da ake bikinta. Idan sanarwa ta ce hukumomi uku ne suka sa hannu, hoton kuma ya nuna biyu, ta ukun za ta lura, kuma tana da nata kwafin. Ba mai tambayar wa ya danna maɓallin. Sunan ma’aikatar ne a kan shafin.

Saboda haka gogaggun jami’an yaɗa labarai kan ja da baya taku biyu kafin su ɗauki hoton rukuni, su bar sarari a kowane gefe. In dandalin na neman hoto a tsaye alhali mutum tara ne a jere, sai su fitar da hotuna biyu: na rukunin gaba ɗaya a kwance, da na musabahar kusa-kusa, kowanne da sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama.