Ɗan Baƙo a Ƙofar Manyan Jami'o'in Amurka

Da yawa daga cikinmu muna da 'yan'uwa waɗanda karatu ko neman abinci ya kai su Amurka, sun zauna can, sun hayayyafa. Yau ga 'ya'yan sun isa shiga jami'a. Iyaye sukan yi tambaya: in yaro ya nemi Harvard ko Yale, zamansa ɗan baƙo zai taimake shi, ko zai zame masa tarnaƙi?

Mu fara duba cunkoson da ke bakin ƙofar. A 2023 ɗalibai fiye da 56,000 suka nemi Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. Yawancin waɗanda aka mayar ba daƙiƙai ba ne, wuri ne babu. Don haka masu zaɓe ba maki kaɗai suke dubawa ba. Sukan karanta shaidar malamai, da abin da yaro yake yi bayan an tashi makaranta, da wata 'yar takarda inda yake ba da labarin kansa.

Shekara da shekaru sukan duba launin fata ma. Kotun Ƙoli ta yarda da haka a 1978, ta sake tabbatarwa a 2003, muddin ba a ware wa kowane launi adadin kujeru ba. An yi wannan musamman domin jikokin bayi, waɗanda aka daɗe ana danne musu hakki. To, sai wani bincike na Farfesa Douglas Massey da abokan aikinsa ya fito a 2007. A jami'o'in Ivy League da suka bincika, wajen kashi 41 cikin ɗari na ɗalibai baƙar fata baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, galibi daga Afirka da tsibiran Karebiyan, alhali a ƙasar duka kashi 13 ne kawai cikin tsararsu baƙar fata. Mu da muke riƙe da alli ba mu yi mamaki ba. Da yawa cikin iyayen nan da digirinsu suka tafi. Ɗan likitan da ya fito daga Legas ko Akra ba ɗaya yake da wanda aka hana kakansa makarantar kirki ba, ko da fatarsu ɗaya. An yi gunaguni a kai, kuma gunagunin yana da dalili.

Ran 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata, a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina. Amma Alƙalin Alƙalai John Roberts ya bar wata kafa. Yaro yana iya faɗin yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, a auna shi kan halin da ya nuna. Wato cewa “iyayena 'yan Nijeriya ne” ba ya ƙara maki. Amma yarinyar da ta zama tafintar uwarta a asibiti tun tana shekara tara, wannan tana da abin rubutawa, za a kuma karanta.

Saura maganar takardu. Ɗan baƙon da aka haifa can, ko mai izinin zama na dindindin, a layin 'yan ƙasa yake wajen taimakon kuɗi. Wanda yake nema daga Jos ko Kano kuwa layinsa dabam ne, yawancin jami'o'i sai sun leƙa aljihun ubansa kafin su amsa. Kaɗan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton da MIT, suke zaɓen ɗalibi tukuna, sa'an nan su yi lissafin abin da gidansu zai iya biya.